Ba "pipty" ne matsalarmu ba, "staffs" ne

Makon jiya na tsaya a wani shagon buga takardu da ke Mabera ina jiran kwafin wata wasiƙa, sai wani saurayi ya miƙa wa mai shagon takardar neman aiki. "Malam, don Allah duba min wagga takarda ko da gyara." Na leƙa. Layin farko ya fara da "My names are" maimakon "My name is", ya jera sunaye uku. Can ƙasa ya ce ya taɓa aiki da "many staffs", ya iya sarrafa "equipments", sannan ya roƙi kada a bari ya "loose" wannan dama. Mai shagon ya daidaita masa girman haruffa, ya karɓi kuɗinsa.

Ina da yaƙinin saurayin nan yana cikin masu tuntsirewa da dariya idan wani ya ce "pipty" maimakon "fifty". Wannan ne ke ci mini tuwo a ƙwarya. Mun mai da lafazi abin ba'a, ɓarnar da ke kan takarda kuwa tana wucewa ba mai ɗaga ido.

Rikita p da f ba jahilci ba ne. Hausa ba ta raba su, sauti guda ne da kowane yanki ke furtawa yadda ya gada, shi ya sa mu a Sakkwato muke cewa "hwara" inda Bakano zai ce "fara". Wanda ya tashi da haka tun yana goye ba zai wayi gari da bakin mutumin Landan ba, kuma ba a nemi hakan gare shi ba.

Haka ma ba na jin zafin Turancin da Hausa ke kwance a ƙarƙashinsa. Mutum ya miƙe zai fita ya ce "I am coming", kowa ya san "ina zuwa" yake nufi. "Borrow me your biro" kuwa "ara mini" ne aka sa wa riga. Wanda ya iske leburori cikin rana ya ce musu "well done", "sannu da aiki" ya yi, ko da yake Bature sai an gama aikin yake faɗin haka. Mu muka fi shi ladabi a nan. Su kansu masu harshen sun fara sakin jiki: a Janairun 2020 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Turancin Najeriya, har da "okada", "Kannywood" da "next tomorrow", wato jibi. Cikinsu akwai "severally" da ma'anar "sau da yawa". Wannan kam har yau tana sosa mini kunne, domin asalinta kowa daban-daban take nufi, amma tunda alƙalin ya yanke hukunci na kama bakina.

Su "staffs" fa? Waɗannan ba daga Hausa suka fito ba, daga ganin wani ya yi ne. Ma'aikata a Turanci "staff" ne, ko su dubu ne. In ka ƙara s, ka koma maganar sanduna, ke nan saurayinmu ya shaida wa mai ɗaukar aiki cewa da sanduna ya yi aiki. "Equipment" da "furniture" ba sa ɗaukar s ɗin jam'i. "Lose" rasawa ne, "loose" kuwa sako-sako, kamar wandon da ya yi wa mutum yawa. Ga kuma "am fine" na WhatsApp, wanda aka guntule wa kai, har ya fara kutsawa cikin wasiƙun ofis.

Mai duba takardun WAEC ko NECO ba ya jin muryar ɗalibi, tawada kawai yake gani. Kuma ba kiredit a Turanci, ƙofar jami'a a rufe take, ko ta Usmanu Ɗanfodiyo ce da ke bayan gidanku.

Na kasa haƙuri, na ja saurayin gefe na nuna masa wurare huɗun. Ya kalli takardar, ya kalle ni.

"Kawu, ai haka ogammu ke rubutawa."

Ya yarda ya cire s guda biyu, ya gyara "loose". "My names are" kuwa ya ce a bar masa, wai ya fi nauyi.