Faturar wuta kaɗai ba ta isa ma'auni ba

'Yan uwa da ke aiki a masana'antun Jidda da Yanbu, musamman ku masu kula da inji irina, akwai wani lissafi da ya daɗe yana cutar da mu, kuma mu ne muke kai shi ofis da hannunmu.

Idan aka kawo shawarar canja tsohon kwamfresa (injin matsa iska), ko nannaɗe bututun tururi don kada zafi ya zube, tambayar mudir, wato manaja, ɗaya ce: nawa zai rage a fatura, wato takardar kuɗin wuta? A nan maganar take mutuwa, domin wuta tana da araha a Saudiyya. A 2018, shekarar da aka ƙara wa gidaje kuɗin wuta, masana'antu halala 18 suke biya kan kowane kilowat na awa (halala 100 ce riyal ɗaya). A ce gyaran zai rage kilowat 3, injin kuma yana aiki awa 6,000 a shekara. Riyal 3,240 ke nan. Mudir ya dubi kuɗin sabon inji, ya dubi wannan, ya ce a bari tukuna. Ni ban ga laifinsa ba. Abin da aka ajiye masa a tebur shi ya auna.

Abin da ba a ajiye masa ba shi ne sauran asarar. Injin da ke shan wuta fiye da ƙima, ina wutar take tafiya? Zafi take zama. Zafin nan shi ke busar da giris, ya cinye boris, ya ƙona waya, ya sa inji ya tsaya ana tsakiyar aiki. A kamfanin roba, idan inji ya tsaya, robar da ke cikinsa ta daskare, sai an zubar da zubin farko da na biyu kafin kaya su dawo daidai. Ma'aikata suna zaune ana biyansu. Motar da ta zo ɗaukar kaya tana jira a ƙofa. Mai oda yana waya. Duk wannan kuɗi ne, amma an warwatsa shi cikin littattafai daban-daban: na gyara yana wurin wani, na kayan da suka lalace yana wurin wani, na aikin ƙarin lokaci yana wurin akanta. Ba wanda ya taɓa haɗa su ya ce duk daga tsohon injin nan suka fito.

Iskar kwamfresa ma abin takaici ce. Ku zagaya ranar Juma'a idan an kashe komai, za ku ji bututu suna huci ta ko'ina. Yoyon nan kan cinye kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na iskar a wurin da ba a kula. Amma ɓarnarsa ba ta tsaya kan wuta ba. Ƙarfin iska ya ragu a ƙarshen layi, injin rufe kwali ya fara kuskure, sai a ce a sayo kwamfresa na biyu, alhali toshe ramuka ne maganin.

Sai zafin jiki. Gwamnati ta hana aiki a rana daga 12 zuwa 3, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba, amma wanda ke gefen tanderu a cikin rumfa ba ya cikin wannan doka. Idan an rufe tanderun da kyau, wurin ya yi sauƙi, mukayyif, wato na'urar sanyaya wuri, ya huta, mutum ya daina yin kuskuren gajiya bayan azahar.

Ba ni na ƙirƙiro wannan ba. Hukumar makamashi ta duniya, IEA, ta faɗa a 2014 cewa a masana'antu darajar irin waɗannan fa'idodi tana iya kaiwa ninki biyu da rabi na kuɗin makamashin da aka rage. Saudiyya kuma tana da cibiyar tsimin makamashi tun 2010. Sai dai hukuma ba za ta shigo ta rubuta maka sau nawa injinka ya tsaya ba.

Wannan aikinmu ne, kuma littafi da biro sun isa. Kafin a taɓa komai, a yi wata uku ana rubuta awannin da inji ya tsaya da dalili, nauyin kayan da aka zubar, da kayan gyaran da aka karɓo daga sito. Bayan gyara a ci gaba da rubutawa. A raba komai da yawan kayan da aka samar, in ba haka ba watan da oda ta yi ƙasa zai yi kama da nasara. Kada kuma a gwada Janairu da Agusta, ko Ramadan da sauran watanni, domin zafi da lokutan aiki ba ɗaya ba ne.

Inda nake rabuwa da wasu masu sayar da kaya shi ne kumbura lissafi. Za su sa farashi kan "jin daɗin ma'aikata", su ƙirga tsayawar inji sau biyu da suna daban. Akanta mai wayo ya kama ɗaya, ya yi watsi da takardar gaba ɗaya. Abin da ke da rasit ko awo, a sa masa riyal. Abin da ba shi da shi, a rubuta shi a ƙasa da kalmomi, mudir ya yanke da kansa.