Sikila da Taswirar Alaƙar Ƙwayoyin Gado: Ina Jininmu a Ciki?

Cutar sikila tana tasowa ne daga kuskure guda a ƙwayar gado guda mai suna HBB, wadda ke kula da sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jini. Duk da haka, iyaye mata a unguwannin Aboabo da Asawase na Kumasi sun san cewa za a iya samun wa da ƙani masu jinin SS, ɗaya kullum yana kwance a asibitin Komfo Anokye ana ƙara masa jini, ɗayan kuma sai ya shekara bai kwanta ba. In dai kuskuren ɗaya ne, daga ina bambancin ya fito?

Amsar tana ga sauran ƙwayoyin da ke hulɗa da HBB. Akwai wata mai suna BCL11A, wadda aikinta shi ne dakatar da irin jinin da jariri ke zuwa da shi duniya bayan an haife shi. Wanda wannan ƙwaya ta yi wa sassauci yakan ci gaba da samun wani kaso na jinin jarirta, kuma shi ke rage masa lanƙwashewar ƙwayoyin jini da zafin ciwo. Ɗan Adam yana da ƙwayoyin gado kusan 20,000 masu sarrafa furotin, kuma babu wadda ke aiki ita kaɗai. Shi ya sa masana suka koma zana taswirar wa ke taɓa wa da taimakon kwamfuta, kamar yadda Albert-László Barabási da abokan aikinsa suka yi a 2007, inda suka haɗa cututtuka bisa ƙwayoyin gadon da suka yi tarayya a kai.

A ganina wannan hanya ta riga ta nuna amfaninta. Maganin Casgevy da Birtaniya da Amurka suka amince da shi a 2023 bai taɓa HBB ba ko kaɗan, BCL11A ya nufa. Sai dai kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne, abin da ba talakan zango ba, ko gwamnati ma sai ta yi tunani. Ribarmu ta fi kusa a wani wuri, wato gano tsofaffin magunguna masu araha da ke bi ta hanya guda. Hydroxyurea, wanda asalinsa maganin ciwon daji ne, shi ma jinin jarirta yake ƙarawa, kuma ana ba da shi a Ghana.

Abin da ke damuna shi ne mafi yawan bayanan da aka gina waɗannan taswirori da su daga Turawa aka samo su, alhali Afirka ta fi kowace nahiya bambancin ƙwayoyin gado. Sauye-sauyen ƙwayar APOL1, da ke kare mutum daga wani nau'in ciwon barci amma suke ƙara haɗarin ciwon ƙoda, a tsakanin mutanen Afirka ta Yamma suka fi yawa, kuma taswirar da babu mu a ciki ba za ta nuna su yadda ya kamata ba.

Kumasi tana da abin bayarwa, domin tun 1995 ake gwajin sikila ga jarirai a birnin, aikin da aka fara ƙarƙashin jagorancin marigayi Farfesa Kwaku Ohene-Frempong, ga kuma cibiyar bincike ta KCCR a jami'ar KNUST, ban da takwararta WACCBIP da ke Legon a Accra. Mutanenmu da yawa suna ɗari-ɗari da ba da jini don bincike, kuma ban ga laifinsu ba muddin takardar amincewa da Turanci kawai take zuwa. Ya kamata masu bincike su shigo ta hannun limamai da sarakunan zango, su yi bayani da Hausa, su faɗi inda za a ajiye jinin da wanda zai riƙe bayanan, sannan su dawo su sanar da iyalai abin da aka gano.