Kuɗin data ya ƙaru, sabis kuwa jiya i yau a Jos

Abin da kamfanonin waya suke yi wa mutanen Jos ya wuce gona da iri. Da zarar la'asar ta yi a Taminus ko Farin Gada, daidai lokacin da ciniki ya kankama, sai wayar mutum ta riƙa nuna 4G cike amma ko gajeren saƙo ya ƙi fita. Mai POS yana ɗaga na'urarsa sama yana jujjuyawa, an riga an cire kuɗi daga asusun mai sayen dankali, ita kuwa mai kaya ta dafe buhunta ta ce ba za a ɗauka ba sai ta ga alat. Haka mutanen kirki suke sa-in-sa a kan laifin da ba nasu ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kowane ƙarfen sabis yana da iyakar zangon rediyon da yake aiki da shi, wato hanyar iska da kira da data suke bi, kuma duk wayoyin da ke ƙarƙashinsa wannan zangon suke rabawa, saboda haka idan jama'a suka yi yawa sai rabon kowa ya tsuke. Zangon nan dukiyar al'umma ce, haya kawai gwamnati take bayarwa, kuma da tsada: a gwanjon 5G na Disambar 2021, kamfanoni biyu sun samu zangon 3.5GHz a kan dala miliyan 273.6 kowannensu. Sai dai irin wannan zango na sama, wato mai babbar lamba, ba ya cin nisa, ba ya kuma iya ratsa katanga sosai, balle duwatsun da suka kewaye garinmu. Abin da ya dace da mu shi ne zango mai ƙaramar lamba, wato 700MHz da 800MHz, wanda ake samu idan talabijin ta koma tsarin dijital. Abin takaicin shi ne a nan Jos aka ƙaddamar da wannan sauyi a Afrilun 2016, amma har yau mai waya a Rikkos sai ya fito ƙofar gida kafin a ji muryarsa.

Tun 2018 ƙa'idojin Hukumar Sadarwa ta Ƙasa suka halatta wa kamfani ya sayar, ko ya ba da haya, ko ya yi tarayya da wani a zangonsa. Ƙarafan sabis ma da yawa tarayya ake yi a kansu tuntuni. To, me ya hana kamfanin da ba shi da masu hulɗa da yawa a wata unguwa ya buɗe zangonsa ga wanda cunkoso ya shaƙe? Riƙe zango a bar shi a banza alhali mutane na fama, zalunci ne tsagwaronsa.

A Janairun 2025 an amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kan kuɗin kira da data, da hujjar cewa aiki zai gyaru, kuma mun biya ba don muna so ba. Muna neman a tilasta wa kowane kamfani ya bayyana, unguwa bayan unguwa, yawan zangon da yake riƙe da shi a Jos da wanda yake amfani da shi, sannan duk wanda ya ajiye a ƙwace a ba mai buƙata.