Karatu daga nesa: kafin kwamfuta, ina malamin da zai amsa wa ɗalibi?

Duk sanda aka tashi maganar karatun jami'a ta intanet a Najeriya, abin da ake nuna mana shi ne ɗaki cike da sababbin kwamfutoci da manyan baƙi suna ɗaukar hoto. Zamana a Ingila ya sa na daina auna abin da wannan ma'auni.

An kafa jami'ar Open University ta nan, mai koyarwa daga nesa, a 1969, ɗalibanta na farko suka fara karatu a 1971, lokacin ko labarin intanet ba a yi a gidajen mutane. Littattafai ta gidan waya ake aika musu, darussa kuma ta rediyo da talabijin na BBC. Amma kowane ɗalibi yana da malamin da ke duba aikinsa, yana mayar masa da gyara. Da intanet ta zo, tsari ta tarar a ƙasa, ta ƙara masa sauri.

Wata maƙwabciyata mai aikin dare a gidan kula da tsofaffi tana irin wannan karatu. Ta taɓa nuna min aikin da aka maido mata: gefen kowane shafi cike da rubutun malamarta. A wani wuri ta ce hujjar nan ba ta tsaya ba, a koma babi kaza; a wani wurin ta yaba mata, ta kuma faɗi dalili. Ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba, amma malamar ta san inda ɗalibarta ke tuntuɓe.

Ƙanena kuwa, da aka koma karatu bayan korona a wata jami'a a gida, abin da aka kira musu karatu ta intanet shi ne malami ya ɗauki hoton takardun lacca da waya, ya tura wa shugaban aji, shi kuma ya zuba a zauren WhatsApp. Wasu shafukan ma ba sa karantuwa. Mai tambaya ya riƙe abarsa har ranar jarrabawa. Ban ga laifin malamin sosai ba: mutum ɗaya da ɗalibai ɗaruruwa, ba a horar da shi ba, ba a ƙara masa komai ba. Su ma jami'o'in Ingila da yawa a 2020 lacca kawai suka kwasa suka ɗora a Zoom, ɗalibai suka yi ta ƙorafi.

Abin da ke ƙona min rai shi ne ba baƙi ba ne mu a wannan fage. Cibiyar horar da malamai ta NTI da ke Kaduna tun 1976 take, kuma malaman makaranta da yawa daga nesa suka yi karatunsu a can. Jami'ar karatu daga nesa ta ƙasa, wato NOUN, a 1983 gwamnatin Shagari ta kafa ta, soja suka dakatar da ita a 1984, ta kwanta har sai da Obasanjo ya farfaɗo da ita a mulkinsa na farar hula. Sai a 2018 aka gyara dokarta domin buɗe wa ɗalibanta hanyar yi wa ƙasa hidima da shiga makarantar horar da lauyoyi. Shekarun nan da aka yi ana yi wa takardarsu kallon ƙasa-ƙasa sun sa iyaye da yawa har yau ba sa ɗaukar abin a matsayin karatu na gaske.

Ga kuma buƙata a fili. Ɗalibai kusan miliyan 2 ke rubuta JAMB a shekarun nan, azuzuwa ba za su ɗauke su ba. Akwai matar auren da karatu ya yanke mata, da ma'aikacin da ba zai bar aikinsa ba.

Inda wuta ba ta da tabbas kuma data na da tsada, dogon bidiyo kai tsaye hanya ce ta korar talaka. Gajeren darasi na murya da ɗalibi zai sauke ya saurara sanda ya samu sarari, da rubutu marar nauyi da ƙaramar waya za ta buɗe, sun fi mana amfani, kuma manhajar tsara darussa a intanet irin Moodle kyauta ce. Kuɗin da za a sayi ƙarin kwamfutoci a kulle a ɗaki, a ɗauki masu digiri na biyu da ke zaune ba aiki, a horar da su, a ba kowa rukunin ɗaliban da zai iya sani da suna, a kuma sa masa wa'adin da zai maido da aiki da gyara.