Ashe muƙamuƙi ne yake sara mini kai

Ciwon kan nawa na safe ne. Ina buɗe ido zan ji gefen kaina, tsakanin ido da kunne, ya ɗaure tam, kunnen dama kuma ya toshe. Gidanmu kuwa kowa likita ne. Hajiya ta ce hawan jini ne, aka gwada, lafiya lau. Ƙanina ya ce kallon waya ne, na yanko tabarau, na ƙara kwarjini amma ciwo bai san an yi ba. Wani maƙwabci ya rantse hannu aka sa mini, ya kawo hayaƙin da ya kori sauron unguwa kaf ya bar ciwon yana zaune daram.

Uwargida ce ta warware zancen. Ta ce, "Baban Ummi, ni dai ba likita ba ce, amma da dare haƙoranka ƙara suke kamar injin markaɗe." Haka na tsinci kaina a kujerar likitan haƙori, ina ta mita cewa kai ke ciwo, me ya haɗa shi da baki.

Likitan ya ɗora yatsunsa a gaban kunnuwana, daidai mahaɗar muƙamuƙi da ƙoƙon kai, ya ce in buɗe baki a hankali. Sai ga ƙara, ƙas! Ya ce in jera yatsu uku a tsaye in sa tsakanin haƙoran sama da na ƙasa. Bakin mai lafiya yana buɗewa kimanin milimita 40, wato yatsu ukun nan. Nawa biyu suka shiga, na ukun ya tsaya a ƙofa yana sallama. Da ya danna tsokar gefen kaina kuwa, sai da na kira sunan kakata.

Bayaninsa: tsokar da ke rufe baki ba a kumatu kaɗai take ba, akwai wata shimfiɗaɗɗiya da ta taso daga gefen kai ta sauko muƙamuƙi. Ka dafa gefen kanka ka cije haƙora, za ka ji ta kumburo. In ta kwana tana cizo ta wuni tana tauna, gajiyarta ce kake ji a matsayin ciwon kai. Ƙarar kuma wani faifan guringuntsi ne a cikin gaɓar da yake gocewa ya dawo. Ƙara kaɗai ba tare da ciwo ba, ba abin damuwa ba ce.

Sai ya ce, "Malam, me kake taunawa?" Na fara lissafi: goro bayan kowane abinci, aya busasshiya a shago, rake da yamma, kilishi in an samu, ganda, ƙanzo, cingam a mota. Ban kai ga ƙashin miya ba ya ajiye biro.

Doka ta farko ita ta fi ɗaci: mako biyu na abinci mai laushi. Kunu, fate, alala, tuwo da miyar kuka, ƙwai, nama sai wanda ya dahu luguf kuma an yanka ƙanana, a tauna ta ɓangare biyu. Sai gashi: tsumma a ruwan ɗumi, ba tafasasshe ba, a matse a ɗora gaban kunne da kumatu minti 15, sau biyu ko uku a rana. Bayan gashin a murza kumatu da gefen kai da yatsu biyu, a zagaye, kamar minti ɗaya kowane gefe, ba da mugunta ba.

Wadda ta fi ba ni mamaki ita ce zaman baki. Ashe in ba ci kake ba, bai kamata haƙoran sama da na ƙasa su taɓa juna ba. Leɓe a rufe, harshe a sama bayan haƙoran gaba, inda yake zuwa in za ka ce "na", haƙora a ware kaɗan. Na fara lura, sai na kama kaina a cije a cunkoson mota, a cije ina lissafin kuɗin makaranta, a cije ina jiran wuta. Ya hana ni tagumi, kwanciya rub da ciki, da maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa. Ya auna haƙorana ya haɗa mini robar da zan riƙa sawa da dare. Ba ta hana cizon gaba ɗaya, amma tana kare haƙora. Ya ce in sha ibuprofen, maganin rage ciwo, na kwanaki kaɗan, bayan cin abinci, ban da mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda. Ya kuma ja kunnena kan paracetamol: shan sa kwana 15 ko fiye a wata na iya haifar da nasa ciwon kan. In baki ya kulle, ko wurin ya kumbura da zazzaɓi, ko gani ya canza, ko ciwon muƙamuƙi ya zo da na ƙirji, asibiti za a nufa nan take.

Saura hamma. Ya ce in ta zo in tokare haɓa da dunƙulen hannu kada bakin ya wage. Na yi hakan a taron ɗaurin aure, dattijon da ke gefena ya ga dunƙule ya taso sama, ya janye tabarmarsa ya ce, "Yaro, in rigima ce bari a shafa fatiha tukuna."