Shirun ma'aikacin asibiti ba rufin asiri ba ne

Assalamu alaikum 'yan'uwana ma'aikatan lafiya na Garwa, Marwa, Kusiri da ƙauyukan kewaye.

Ƙanwata ma'aikaciyar jinya ce a wata ƙaramar cibiyar lafiya. Ranar wata Litinin ta shigo min bayan isha'i, ko tuwon da aka ajiye mata ba ta taɓa ba. Firijin rigakafi ya mutu tun Asabar, a tsakiyar Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Ƙa'ida ita ce maganin ya zauna tsakanin digiri 2 da 8, ana rubutawa safe da yamma. Ta duba takardar, ta tarar an cike ta tsaf: 5, 5, 5. Ta ɗago kwalbar maganin shan inna, ɗan murabba'in da ke jikin tambarinta ya yi duhu, alamar zafi ya lalata maganin. Ga mata a kan benci goye da yara, wasu tun asuba suka taso. Ta ware kwalaben, ta ba su haƙuri su dawo, amma ba ta faɗa wa kowa dalili ba.

Ta ce, "Yaya, wanda ya cike takardar shi ya koya min aiki. In na yi magana za a ce ni annamimiya ce."

Na san nauyin nan. An tarbiyyantar da mu a kan kunya da rufa wa juna asiri, kuma tarbiyya ce mai kyau. Amma asirin da ake rufawa shi ne laifin da ya tsaya tsakanin bawa da Ubangijinsa. Wannan kuwa haƙƙin jariri ne da bai iya magana ba. Uwarsa za ta koma gida da kati a hannu tana hamdala, alhali abin da aka ɗiga wa ɗanta ba ya kare komai. Allah Ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 283, kada ku ɓoye shaida, wanda ya ɓoye ta zuciyarsa mai zunubi ce. Imamu Nawawi kuma ya lissafa wurare shida da ambaton mutum a bayan idonsa ba ya zama giba, a ciki akwai neman taimako don kawar da ɓarna.

Haka hukuncin yake ga wanda ya ga ana karɓar kuɗi a kan maganin zazzaɓin cizon sauro na yara 'yan ƙasa da shekara biyar, wanda gwamnatin Kamaru ta mayar kyauta tun 2011.

Sai dai gyara yana da ladabi. Ka fara tabbatarwa, kada ka gina magana a kan "an ce". Ka keɓe da abokin aikinka, ku biyu, da tausasa murya. Annabi (SAW) ya ce ka taimaki ɗan'uwanka ko shi ne azzalumi, da aka tambaye shi ta yaya, ya ce ka hana shi zaluncin. Wallahi da yawa tsoro ne ya sa su, ba mugunta ba, suna jin an tsaya tare da su sai su gyara. In ya ƙi, ka je wurin shugaban sashe ko babban likita, da rana da lokaci da abin da idonka ya gani, a rubuce. In aka toshe kunne, akwai ofishin lafiya na gunduma. In cin hanci ne, hukumar yaƙi da cin hanci ta ƙasa, CONAC, tana da lambar waya 1517. Amma hoton majinyaci ko sunansa a rukunin WhatsApp, wannan cin amana ne na daban.

Ku kuma shugabanni, ku ji tsoron Allah. Duk ranar da kuka tura mai faɗin gaskiya can ƙauye don horo, kun rufe bakin mutum ashirin.

Washegari ƙanwata ta sami malamin nata tun kafin mata su taru. Ya daɗe kansa a sunkuye. Daga baya shi da kansa ya ɗauki takardar, suka shiga ofishin shugaban cibiyar tare.