Wai zafin Sakkwato ne

Kun dai san an ba mu akawun a kan wata babbar kwamfuta can Afirka ta Kudu, ta intanet muke shiga, kuma ni na bugi ƙirji zan ɗora GROMACS, manhajar kwaikwayon motsin ƙwayoyin sinadarai, a gaban ɗaliban masta. Laraba aka taru, Oga da kansa ya zo, aka haɗa laftof ɗina da majigi, duk abin da na taɓa yana bango ɓaro-ɓaro.

Na buga cmake, mai shirya manhaja kafin a harhaɗa ta, ya ɗan yi gudu sai ya cije, wai kwamfailan da ya gani, wato mai fassara lambobin manhaja zuwa yaren inji, GNU 4.8.5 ne, GROMACS ɗin kuma sigar yaren shirye-shirye ta C++17 yake so, tsohon nan bai iya ba. Na yi murmushi na ce yara ku lura, wannan shi ke zuwa da CentOS 7, tsarin da ke tafiyar da kwamfutar, sabon sai an lodo shi da module load. Na lodo, na buga gcc --version, ga sabo nan fes, har da juyowa na kalli Oga. Na sake cmake. 4.8.5. Na saita CC da CXX, masu nuna wa cmake kwamfailan da zai ɗauka, da hannuna, yanzu na daina bayani, na sake. 4.8.5 ɗin dai.

Oga ya gyara tabarau ya matso bango ya karanta a hankali, huɗu, takwas, biyar, kamar mai duba sakamakon ɗansa da ya faɗi, sannan ya ce "Malam, ba shi ne na ɗazu ba?" Na ce shi ne ranka ya daɗe. Ya ce "To." Wallahi wannan to ɗin har yanzu ina jin ta, ga zufa ta jiƙa min bayan kaftani, ga yara sun duƙar da kai kafaɗu na rawa.

Sai mutumin ku na ofishin kusa da nawa, wanda ba wanda ya gayyace shi, ya ce "Wanga zahi na ranka shi daɗe, injin ya gaji." Injin da ke wata ƙasa cikin ɗaki mai sanyi fa! Mutumin da ya ari cajata tun kafin azumi, in na tambaya ya ce tana Mabera wajen ƙanensa, shi ne yau masanin kwamfuta. Nan take ya aiki yaro bakin get ya sayo ƙanƙarar fiya wata, ya ɗaga laftof ɗina ba ko sallama ya jera a ƙasa.

Ana cikin haka wata ɗaliba ta matso ta ce a hankali, Malam a goge CMakeCache.txt. Shi CMake kwamfailan da ya fara gani shi yake rubutawa a fayil ɗin ya riƙe, ko ka sauya CC daga baya ba ya waiwaye. Na goge, na sake, ya wuce sumul, daidai lokacin da ledar ƙarshe ta shiga ƙarƙashi.

"Mi nic ce muku?" in ji shi. Oga ya jinjina masa kai, shi fa, har da cewa gogewa daban ce. Yarinyar ta kalle ni na kalli fanka.

Da yamma ya leƙo ofis wai kuɗin ƙanƙara, na ba shi. Cajar ya ce sai Litinin.